Ma'aunin ƙarfin numfashi: abin da ya yi mana a gida da abin da ya gagare shi

Wani ɗan bututun roba ne, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. Ba ya cin batir, ba a sa shi a caji, babu abin latsawa a jikinsa. A gefe guda an jera lambobi daga 60 zuwa 800, akwai wani ɗan tsinke da ke zamewa a cikin tsaga. Mutum ya hura da iya ƙarfinsa, iskar ta tura fistin da ke ciki, fistin ya tura tsinken, tsinken ya tsaya a kan lamba. Lambar nan ita ce saurin iskar da ta fito daga huhu, lita nawa a minti ɗaya. A kwalin an rubuta Peak Flow Meter, da wannan sunan za a neme shi a kantin magani. Kamfanoni da yawa suna yin sa, kuma kusan duk ƙirar ɗaya ce, ta samo asali ne daga ƙaramin bututun da Martin Wright na Birtaniya ya fito da shi a shekarun 1970.

Ra'ayina a kansa a gajarce: duk mai yaro da ke da asma kuma ga wata larura da ke iya kawo sarƙewar numfashi, ya nemi wannan abu ya ajiye. Amma ya san iyakarsa, don iyakar tana da yawa, kuma kwalin ba zai gaya masa ba.

Ɗana shekararsa 15. Asma tun yana ƙarami yake fama da ita. Yana firamare wani likita ya ɗora masa abin sauraren ƙirji, ya daɗe bai ɗaga ba, sannan ya ce yana jin wata ƙara tsakanin bugun zuciya, wani "shuu" da bai kamata a ji ba. Aka yi hoton zuciya da suke kira eko, aka ga ɗan rami a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasan zuciya. Likitan zuciya ta kwantar mana da hankali, ta ce ramin ƙarami ne, ba ya buƙatar tiyata, sai dai a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Ta ƙara da wani abu da na riƙe har yau: ƙaramin rami sau da yawa ya fi babba ƙara, saboda jinin yana matsewa ne ya wuce da ƙarfi. Ƙarfin ƙarar ba shi ne girman matsalar ba. Yara da yawa ma ana jin irin wannan sauti a ƙirjinsu alhali zuciyarsu lafiya lau take.

Jin wannan bayani a ofishin likita daban, dare ya raba ka ji yaro yana jan numfashi da ƙyar daban. Duk ranar da abin ya tashi, tsoro biyu ne ke shiga gidan. Mahaifiyarsa ta ce zuciyar ce. Ni in ce asma ce. Shi kuwa idan aka tambaye shi, amsarsa ɗaya: "Baba, iskar ce kawai ba ta isa ta." Ko wane ne ya yi gaskiya a cikinmu, ƙarshen zancen dai shuɗiyar inhela ce, wato salbutamol, don ita ce a hannu.

Nan matsalar take. Salbutamol yana buɗe hanyoyin iska cikin 'yan mintuna, wannan babu musu. Amma yana kuma sa zuciya ta yi sauri, hannu ya ɗauki rawa. Yaron da ya taso yana jin ana cewa akwai rami a zuciyarsa, ya shaƙi magani, ƙirjinsa ya hau dukan uku-uku, me kake jin zai zo masa a rai? Sai ya firgita, numfashin ya ƙara sauri, ya sake kai inhela baki. Na sha ganin haka da idona. Inhela mai feshi 200 da ya kamata ta daɗe a aljihunsa, sai ka girgiza ka ji ta kusa ƙarewa. Da na faɗa wa likitan da ke duba asmarsa, ita ce ta rubuta mana wannan ma'auni, ta ce mu daina cacar baki a kan abin da za a iya aunawa.

Yadda ake amfani da shi babu wuya, amma sai an kiyaye. Yaro ya miƙe tsaye, ya mai da tsinken ƙasa can, ya riƙe bututun a kwance ba tare da yatsa ya hau kan tsagar ba. Ya ja numfashi har huhu ya cika, ya rufe bakin bututun da leɓe ruf, ya hura sau ɗaya, gajere, da duk ƙarfinsa. Ba doguwar hurawa ake so ba. A yi haka sau uku, a rubuta lambar da ta fi girma, ba matsakaiciya ba. Da farko za a yi mako biyu ko uku ana aunawa safe da yamma a lokacin da yaron yake cikin sauƙi, domin a gano lambarsa mafi girma. Ita ce ma'aunin komai daga baya. Ta ɗana ta tsaya a 450. Daga nan likita ta raba mana gida uku: daga kashi 80 cikin 100 na wannan lamba zuwa sama, wato 360 ke nan, kore ne, a ci gaba da magani yadda aka saba. Daga 225 zuwa 360 ruwan ɗorawa ne, asma ta fara motsi, a bi abin da aka rubuta a takardar tsari. Ƙasa da 225, wato ƙasa da rabi, ja ne, a shaƙi magani a kama hanyar asibiti. Namu ya zo da wasu 'yan alamomi masu launi da ake zamewa a gefen lambobin, muka saita su, ko ƙanwarsa ta kalla ta san inda yayanta yake.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne safiya. Yaron da ke cewa lafiyarsa ƙalau, sai ya hura da asuba ka ga 340, da yamma kuma 430. Haka kullum. Ashe hanyoyin iskar mai asma sun fi tsukewa a ƙarshen dare, kuma tazara mai faɗi tsakanin safe da yamma alama ce ta cewa ciwon bai kwanta ba, ko da mai shi bai yi ƙorafi ba. Shi ya saba da hakan har ya ɗauka haka numfashin kowa yake. Tarin da yake yi cikin barci ma, mun daɗe muna ɗora shi a kan sanyi. Sai kuma lokacin mura: kwana ɗaya ko biyu kafin ƙirjin ya fara kuka, lambar ta riga ta fara sauka. Aikin da gejin taya ke yi ke nan, ya nuna maka iska ta ragu tun tayar ba ta kwanta ba.

Da muka koma da littafin da muke rubuta lambobin, zaman ya bambanta da na baya. A da likita ta tambaya, mu yi ta "wani lokaci", "ba kullum ba", "ya danganta". Wannan karon ta buɗe shafi, ta bi layin safiya da biro, ta dube shi.

"Ruwan ƙasar inhelar nan ta rigakafi, kana shaƙa kullum?"

Ya sunkuyar da kai. "Likita, ita ba na jin tana yin komai."

Ta ce ai ba za ka ji ba, aikinta rage kumburin cikin hanyoyin iska ne a hankali, shuɗiyar kuwa tana buɗe hanya ne ta bar kumburin yadda yake. Ta yi mana bayani cewa tun 2019 ƙungiyar GINA, wadda ke fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar a bar matasa da manya da salbutamol shi kaɗai, saboda dogaro da shi yana ƙara haɗarin mummunan tashi. Ta mai da shi kan inhela ɗaya da ta haɗa budesonide da formoterol, ta ce ya riƙa kurkure baki bayan ya shaƙa don kada farin ƙuraje su fito masa a harshe. Cikin 'yan makonni layin safiya ya ɗago ya kusa haɗuwa da na yamma. Ganin hakan a takarda da rubutun hannunsa ya shawo kansa fiye da duk faɗan da muka yi masa. Matashi ba ya son a ce masa yi, amma yana yarda da lamba.

Amfanin da ya fi kowanne a wurina kuwa ya zo ne a ranar da ma'aunin ya nuna lafiya alhali yaron ba lafiya ba.

Ya dawo daga ƙwallo, abokinsa na riƙe da shi. Yana dafe maƙogwaro, idonsa ya firfito, kowane jan numfashi da wata ƙara siririya. Ya riga ya shaƙi shuɗiyar inhela a fili, ba ta yi komai ba sai ƙara masa bugun zuciya. Muka zaunar da shi, da ya ɗan samu kansa na miƙa masa bututun. Ya hura 440. Na ce ya sake. 430. Wanda asma ta shaƙe har haka ba zai hura kusan lambarsa mafi girma ba. Mahaifiyarsa ta kalle ni, na san abin da ke ranta, don ni ma shi ne a raina: in ba huhu ba ne, to saura me? Ba mu tsaya shawara ba, muka kai shi.

Aka auna oksijin, lafiya. Aka yi gwajin wutar zuciya, aka sake eko, ramin yana nan yadda yake, ɗakunan zuciya ba su buɗe ba, bawul-bawul suna rufewa daidai. Aka ɗebi jini a duba ko ƙarancin jini ne, don shi ma yana sa haki yana kuma ƙara sautin zuciya, babu. Likitan zuciya ta yi masa wasu tambayoyi da nake ganin ya kamata duk uban yaro irin nawa ya haddace su. Ka taɓa suma ko ganin duhu kana tsakiyar gudu? Ƙirjinka yana ciwo idan ka motsa jiki? Zuciyarka tana tsalle ko bugawa barkatai ba tare da ka shaƙi magani ba? Kana iya kwanciya rigingine, ko sai ka tara matasai? Ƙafafunka suna kumbura? Sannan ta juyo gare ni ta tambaya ko a dangi akwai wanda ya rasu farat ɗaya yana matashi. Duk amsar a'a ce. Ta ce da ɗaya daga ciki ya zama e, da ta hana shi ƙwallo har sai an gama bincike, saboda akwai cututtukan zuciya, kamar kaurin naman zuciya da tsukewar bawul, da kan fara bayyana a filin wasa. Ta kuma ce zuciyar da ta gaza tura jini tana tara ruwa a huhu, har ƙirji ya riƙa kuka irin na asma, kuma yaran da ciwon maƙogwaro ya taɓa lalata wa bawul sukan daɗe ana ba su inhela kafin a gano.

Sai likitan asma ta yi tambayar da ta warware zancen: ƙarar da kuka ji, wajen jan iska ce ko wajen fitarwa? Kuma ina ya dafe? Na ce wajen ja ne, maƙogwaro ya dafe. Ta ce asma ta fi wahalar da fitar da iska, kukanta daga ƙirji yake fitowa, kuma ta fi tashi bayan an tsaya da gudu. Wannan kuwa ya fi kama da maƙogwaro da ke tsukewa a lokacin da gudu ya yi tsanani, abin da ke samun matasa masu wasa sosai, ya kan zo tare da asma, inhela ba ta taɓa shi, kuma yana lafawa cikin 'yan mintuna idan an huta. Aka tura shi wajen mai koyar da dabarun numfashi. Yanzu idan ya ji abin na zuwa, sai ya rage gudu, ya ja iska ta hanci a hankali, ya fitar ta tsukakken leɓe. Bai bar ƙwallo ba.

A lura, ma'aunin bai gano wannan ba, likitoci ne suka gano. Abin da ya yi shi ne ya cire asma daga lissafi a ranar, ya hana mu ci gaba da ɗura wa yaro maganin da ba shi ne ba. A kan zuciya kuwa ba ya cewa uffan. Mai ciwon zuciya mai tsanani zai iya hura lamba mai kyau. Duk wanda ya ga kore ya ce to zuciyar ma lafiya, ya yaudari kansa. Ni a gidana ƙa'idar ita ce: numfashi ya sarƙe, lamba ta yi ƙasa, mu bi takardar asma; numfashi ya sarƙe, lamba tana sama, kuma hutu bai kawo sauƙi nan da nan ba, mu tafi asibiti.

Yanzu aibobinsa. Na farko, lambar tana bin ƙoƙarin mai hurawa. Ranar da yake jin barci ko yana fushi, sai ya hura sama-sama ya ba ka 300, hankalin kowa ya tashi a banza. Ranar da kuma yake son a bar shi ya fita, ya san dabara. Idan mutum ya toshe bakin bututun da harshe ya sake shi kamar mai tofi, ko ya yi tari a ciki, tsinken zai yi tsalle ya wuce gaskiya. Na kama shi yana yi, ya yi dariya ya ce gwaji yake. Daga ranar nake tsayawa in kalli kumatunsa da leɓensa idan lambar za ta yanke wani hukunci.

Na biyu, gajiya. Makonnin farko da ɗoki ake yi, daga baya littafin ya fara samun giɓi, wata rana ma ka ga an cike layi uku da biro ɗaya a zama ɗaya. Likita ba ta matsa ba. Ta ce idan asma ta kwanta, ba dole sai kullum ba: a auna lokacin mura, lokacin da aka canza magani, lokacin da yanayin da ke tayar masa ya zo, da duk sa'ad da ya ji ba daidai ba. Wannan ya fi ɗorewa.

Na uku, abin da yake gani manyan hanyoyin iska ne. Ba ya maye gurbin gwajin huhu na asibiti, wanda ake hurawa cikin na'ura mai kwamfuta kafin shaƙar magani da bayanta. Kuma ma'auni biyu ba lallai su ba da lamba ɗaya ba. Na asibiti ya kan nuna masa sama da namu kaɗan, shi ya sa muke tafiya da namu duk ranar ganin likita. Ƙananan abubuwa kuma: lambobin jikin namu ƙanana ne, cikin dare sai da tocila, alamomin launin suna gocewa idan an jefa shi cikin jakar makaranta, idan ba a wanke shi da ruwan ɗumi da ɗan sabulu an bar shi ya bushe da kansa ba, tsinken ya kan fara nauyi. Ruwan zafi yana lanƙwasa robar.

Tare da shi mun sayi abubuwa biyu. Ɗaya ita ce gorar roba da ake sa wa inhela mai feshi a gindi, sifesa. Wannan ba ni da abin cewa sai yabo. Maganin yana tsayawa a cikin gorar yaro ya ja a natse, ba ya ƙarewa a harshe da maƙogwaro, kuma feshi ɗaya ake yi a lokaci guda. Kada a goge cikinta da tsumma, don maganin zai riƙa manne wa bango. Kunya ce kawai ke hana shi fito da ita gaban abokai. Ɗayan kuma shi ne ɗan abin da ake maƙala wa yatsa ya nuna oksijin da bugun zuciya. Shi ban ji daɗinsa ba. Hannu ya yi sanyi, lamba ta rikice. Yaro ya motsa, ta rikice. Mai asma zai iya shiga wahala sosai oksijin ɗinsa yana 96. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 ya nuna irin waɗannan na'urori sun fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin masu baƙar fata, su nuna lamba sama da gaskiya. Abin da ya fi damuna shi ne ɗana ya koma kallon lambar bugun zuciya, tana hawa yana firgita, yana firgita tana hawa. Na ɗauke shi na sa a durowa. Muna fito da shi ne kawai idan ciwo ya tashi, kuma mun san ƙasa da 92 ba zaman gida ba ne.

Akwai lokacin da ba a neman ma'auni ko kaɗan. Yaron da ya kasa haɗa magana sai kalma-kalma, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa da ramin wuyansa suna lotsawa, ko leɓensa ya canza launi, ko ya fara gyangyaɗi, ko ƙirjin da ke kuka ya yi tsit alhali yana wahala, ba a tsayar da shi a ce ya hura sau uku. A zaunar da shi a miƙe, a ba shi inhela ta sifesa, a tafi. Haka idan ya suma ko ƙirji ya yi ciwo. A asibiti kuma, duk inda muka je, nakan faɗi larurorin biyu tare tun kafin a rubuta magani, saboda akwai magungunan zuciya da na rage bugu, irin su propranolol, da ke iya shaƙe mai asma, kuma wasu masu asma ba sa jituwa da asfirin da ibuprofen.

Wajen saye, a duba iyakar lambobin. Akwai na ƙananan yara da ke tsayawa wajen 400, matashi zai wuce shi nan da nan, a ɗauki wanda ya kai 800. A nemi mai bakin da ake cirewa a wanke, kuma kowa da nasa. A sa ma'aikacin jinya ko mai kantin magani ya kalli yaron yana hurawa karo na farko, don kuskuren da aka fara da shi shi za a yi ta rubutawa. Lambar mafi girma ma ba ta dindindin ba ce, tana bin tsawo. Ɗana ya miƙe a bana har wandunansa sun ɗage, ya fara hura 480 ba tare da wani ƙoƙari ba, don haka likita ta ce mu sake awon mako biyu mu matsar da alamomin launin sama.